Alkasum Mai Tsintar Ɓawo

Esta ba da fuska ta fara sanin Alkasum Kuku ba, da hannu ta san shi. A makon da aka binne mijinta Luka kafinta, abinci ya ƙi wuce mata maƙogwaro. Matan majami'a suna ta kawo tuwo da fura, suna mayar da kwanukansu yadda suka zo. Ran nan da hantsi tana zaune a gindin katanga da Littafi Mai Tsarki a cinya, ba karatu take ba, riƙe shi kawai take yi, sai ta ji gyaran murya daga gidan sababbin maƙwabta. Hannu ya ɗago ta kan katangar, dogo, duk tabon ƙuna, riƙe da 'yar tasa. A ciki akwai gutsuren burodi da wani abu mai launin zuma, amma ba ya malala kamar zuma, rawa yake yi a wuri ɗaya.

Mai hannun ya ce, "Inna, ba abinci ba ne, kada ki ce kin ƙoshi. Lasa kawai."

Ta lasa. Ga zaƙi, ga tsami, ga wani ɗan ɗaci can a ƙarshe, sai yawunta ya tsinke. Kafin ta farga burodin ya ƙare. Da ta zagaya mayar da tasar ta yi godiya, ta tarar ya riga ya fice. Matarsa Zainaba ce ta karɓa tana dariya, ta ce haka yake, ba ya tsayawa a gode masa, ba ya tsayawa komai ma.

Gaskiyar Zainaba ce. Alkasum haifaffen Guna ne, ɗan manoman gero da gyaɗa, amma ya bar gona tun gemu bai fito ba. Ya bi ayarin raƙuma har Agadas, ya yi wanke-wanke a barikin soji, ya gangara Fallomi ta ƙasar Cadi, ya yi Kano, ya yi Maraɗi. Duk garin da ya sauka, da ya gane hanyar kasuwa ya haddace sunan maƙwabta, shi ke nan garin ya ishe shi. A tsaye yake cin abinci. In yana magana da mutum idonsa na kan ƙofa. Ko salla, in ji Zainaba, yana sallamewa ƙafarsa na laluben takalmi.

A cikin yawon nan ya zama kuku a gidajen Nasara, kuma a ɗaya daga ciki wata tsohuwar Madam ta koya masa dafa abin da suke shafa wa burodi, wanda suke ce wa konfitir. A nan ya lura da abin da ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa: ba naman lemun ne ke sa dahuwar ta kama ta daskare ba, farin nan ne mai laushi da ke manne a cikin ɓawo, da 'ya'yan da ake tofarwa. Wato abin da kowa ke zubarwa shi ne ƙarfin abin. Daga ranar bai ƙara ganin ɓawo a ƙasa ya wuce ba.

Zainaba 'yar Dakusa ce, ta biyo shi duk inda ya sa ƙafa. Wajen daka ne ta gaya wa Esta, ba tare da ta ɗago kai ba, cewa ta bar 'ya'ya biyu a ƙasa, ɗaya a Agadas, ɗaya a wani ƙauye a hanyar Fallomi da ko sunansa ba ta riƙe ba. Ta ce mutuwa ta Allah ce, ba ta ja da ita. Abin da ke cin ta shi ne babu mutum ɗaya a garuruwan nan da zai ce ya san ta taɓa haihuwa. A gidan hayarsu na unguwar Zango a nan Damagaram ta dasa zogale kusa da makewayi, shi ne abu na farko da ta taɓa shukawa tun da aka kai ta ɗaki. Kullum sai ta tsaya ta auna shi da jikinta.

A Damagaram Alkasum yana yi wa wani Bafaranshe mai sayen gyaɗa girki. Da ya tashi aiki sai ya saɓa buhu ya faɗa kasuwa. Masu lemun zaƙi da ake kawowa daga Kano suna fere wa mai saye, ɓawon na zuba a ƙasa kamar igiya. Masu ruwan lemu suna matse lemun tsami su watsar. Lokacin mangwaron Mirya ɓawo har santsi yake sa wa hanya, haka na kankana. Duk yana bi yana tsincewa da sauri, yana tsere da awaki. To, a nan ya taka Delu.

Delu tsohuwa ce a gidan da ke kallon na Esta, mai kiwon ragunan Layya, kuma ita ce uwar girkin kowane biki a unguwar. Shekara da shekaru ɓawon kasuwa nata ne, masu talla sun san kwandonta. Ba ta taɓa zaton namiji mai aikin bariki zai zo ya raba ta da shi ba. In ya wuce da buhunsa sai ta ɗaga murya ta ce a kama mata ɓarawon ragunanta, ta tambaye shi ko ƙaho ya fara tsiro masa. Shi kuwa ba ya rage sauri, sai ya jefo mata amsa ta kan kafaɗa, ya ce ta gaishe da manyan 'ya'yanta masu gemu, ta ce musu ƙanensu ya riga su. Faɗa ne na baki, amma Delu da gaske take jin zafin abin.

Ɗakin su Alkasum na ciyawa ne, na Esta soro, sai ya roƙi arzikin shanya a samanta. Ta haka ta ga aikin da idonta. Yakan kankare koren bayan ɓawon da wuƙa siriri-siriri, ya bar farin. Ya jiƙa, ya zubar da ruwa, ya sake jiƙawa, har ɗacin ya ragu. Wanda ba zai dafa yanzu ba ya shanya ya bushe ƙarau, ya ɗure a tulu. Ranar dahuwa ya ƙulle 'ya'yan lemu a tsumma ya jefa ciki, ya tafasa, ya tace, sannan ya zuba ruwan lemun tsami da mazarƙwaila, ya yi ta juyawa yana zagaya murhu kamar an ɗaure shi a turke. Can sai ya ɗiga kaɗan a bayan tasa mai sanyi ya tura da yatsa. In ya yi tamoji kamar fatar tsohuwa, ya kama. Wajen tukunyar nan kaɗai Esta ta taɓa ganin idonsa ya bar ƙofa.

Akwai kuma mara kauri da yake yi ba zaƙi sosai, yana ba masu jinya su dama a koko, musamman wanda cikinsa ya saki ko bakinsa ya mutu. Bai taɓa cewa magani ba ne. Yakan ce a je wa likita tukuna, wannan don abinci ya sami wurin zama ne kawai. Mutane suna karɓa a ɓoye, suna sa albarka a ɓoye. Amma a fili, da an ji daga inda abin ya fito, sai a tura tasa gefe a ce abincin awaki ne, abin da aka tsinto a ƙasan kasuwa. Yara har waƙa suka yi masa.

Haka aka yi ta tafiya, aka yi ƙuri'ar wi da no, ta zama da Faransi ko rabuwa da ita, aka fara maganar Nasara za su miƙa ƙasa. Gari ya cika da jita-jita, kowa da abin da yake jira. A daminar da aka sami mulkin kai, maigidan Alkasum ya tattara ya koma Faransi, ya bar masa babbar tukunyar ƙarfe da sallama. A lokacin cikin Zainaba ya tsufa, zogalenta kuma ya wuce katanga.

Rashin aiki ya tayar wa Alkasum da tsohuwar cutarsa ta yawo. Sai ya fita ya dawo, ya sake fita, ya kwance igiyar kaya ya sake naɗe ta. Sallau, wani abokinsa direban kamyo, babbar motar kaya, ya zo da labarin ana neman kuku a sansanin masu aikin hanya can arewa da Tanut, ya ce in Alkasum ya shirya akwai wuri a motarsa. Esta tana jin su ta katanga. Ta ji Zainaba, wadda ba ta taɓa musa masa tafiya ba, ta ce wannan karon ƙafarta ta gaji, tana so wannan ɗan ya yi rarrafe a inda aka haife shi. Ya ce da me za su ci a garin da ake yi masa waƙa? Ta ce da tukunyarsa. Suka yi ta ja, ƙarshe ya yanke da kansa: ranar suna zai dafa alewar ɓawo cike da tukunyar nan, a raba wa kowa da waina, kuma zai faɗi ko mece ce da bakinsa. In an ci, zai kafa tebur a kasuwa su zauna. In an ƙi, ya ga amsar garin, za su bi Sallau da ta yi arba'in, shi kuwa zai riga su.

Zainaba ta sauka lafiya, mace. Suna ya faɗo ranar Lahadi. Alkasum ya juye duk tulunan da ya tara, ya jiƙa, ya tafasa, ya tace, komai ya kammala sai mazarƙwaila, wadda Sallau zai taho da ita daga Matamai. Ruwa ya yanke hanya, mota ba ta shigo ba sai jajibere da almuru. Saboda haka dahuwar ƙarshe ta koma safiyar sunan kanta.

Ya hura wuta da sassafe, ya zuba komai, ya fara juyawa. Amma ranar suna tsakar gida ba ta namiji ba ce. Malamai suka iso, ana ta aikowa a kira uban jaririya ya zo ya raba goro, mata kuma suka cika gida da tukwane da muciyoyi, Delu a gaba ta ci ɗamara. Ta ce masa ya fita ya ba mutane wuri, ba a taɓa ganin mai gida a murhu ranar sunan 'yarsa ba, ko so yake a ce unguwar ba mata? Ya tsaya ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Ya ce to a dinga juyawa kada ta kama ƙasa, kuma kada a ƙara komai. Delu ta ce tun uwarsa ba ta yi wayo ba take juya tukunya. Esta, wadda ita kaɗai ta san aikin, ta tafi sujada a majami'a, da niyyar dawowa da an tashi.

Da ta dawo an riga an raɗa wa yarinya suna Balki, an fito da abinci. Ta tarar Alkasum tsaye a ƙofar gida gaban mutane, ya gama faɗa musu cewa abin da za su ci daga ɓawon lemu ya fito, kuma zai kife kwano su ga ba ya zuba. Aka miƙo masa kwanon. Bai ko duba ba ya karkata shi. Abin ya kwararo baƙi-baƙi kamar ruwan rini, ya bi hannunsa, ya ɓata masa farar riga har ƙasa. Wani ya dangwala ya lasa, ya juya ya tofar a hankali. Ba wanda ya yi dariya da ƙarfi, kuma da an yi ma da ya fi sauƙi. Wani dattijo ya ce ba komai, Allah ya raya, a kawo fura.

Kafin la'asar igiyar kaya ta fito. Da Esta ta leƙa, ta same shi yana zagaya tsakar gida, yana ɗaukar abu yana ajiyewa. Ya ce mata ya dafa abin nan a Agadas, ya dafa a Fallomi da ruwan kogi, bai taɓa ƙin kamawa ba sai yau a gaban jama'a. In ba garin ne ya ƙi shi ba, mene ne? Dama ya daɗe yana jin haka a ƙafarsa. Sallau zai tashi ran Alhamis bayan kasuwa. A ɗaki Zainaba tana zaune da jaririya a cinya, ba kuka take ba. Ta dubi Esta ta ce, "Inna, in mun tafi ki riƙa zuba wa zogalen nan ruwa."

Esta ba mai yawan magana ba ce. Ta koma gida ta durƙusa ta gaya wa Ubangiji, washegari kuma ta je taya wanke-wanke, ta zaɓi babbar tukunyar da kanta. Tana sa hannu ta ji santsi kamar na sabulu, abin da ba ta taɓa ji ba duk wankin da ta yi wa tukwanen Alkasum. Ta duba wuyan tukunyar ta ga zanen kumfa ya hau har baki, alhali dahuwarsa ba ta yin irin wannan bori. Ta lakato guntun da ya rage a gindi ta ɗanɗana. Tsamin nan da ya taɓa buɗe mata maƙogwaro babu shi sam. A madadinsa akwai wani ɗanɗano da kowace mace ta sani tun tana yarinya. A gefen murhu kuwa ga 'yar ƙwarya da sauran jiƙon kanwa a ciki.

Ta ɗauraye hannu ta tsallaka gidan Delu. Ta same ta tana ba raguna dusa. Bayan gaisuwa da barka da gajiyar biki, ta tambaye ta ko an ƙara wani abu a tukunyar Kuku jiya.

Delu ta ce, "Ko ƙwayar gishiri. Ya ce kar a ƙara komai, ba a ƙara ba."

"Kanwa fa, Yaya?"

"Kanwa ai ba wani abu ba ce." Ta ajiye kwanon dusa. "Na ɗanɗana, tsami kamar ya zubar mini da sauran haƙora. Wa zai ba baƙi wannan? Ɓawo kuma abu ne mai tauri, ko wake sai da kanwa yake nuna. Gyara masa na yi, don kar ya ji kunya. Ke da kike karatu, a ina aka taɓa dafa abu mai tsami ba kanwa?"

Esta ta ce ita ma da ba ta ga aikin da idonta ba, da abin da za ta yi ke nan. Sannan ta gaya mata abin da ke kan tukunyar nan, wanda Delu ba ta sani ba: maganar Sallau, da Tanut, da 'ya'ya biyun da ke kwance a garuruwan da ba mai tuna su. Delu ta dubi ragunanta. Can ta ce shi ma da laifinsa, mutum ya yi ta ɓoye aiki kamar mai haɗa asiri, ya bar mata tukunya bai ce mata tsamin da gangan ba ne.

Alkasum da ya ji daga bakin Esta, sai ya tsaya cak, abin da Esta ba ta saba gani ba. Ya ce kanwa. Ya sake cewa kanwa. A gidajen Nasara ba a ajiye ta, shi ya sa ko a mafarki bai kawo ta ba, tsamin kuwa shi ne ke ɗaure dahuwar, in an kashe shi an kwance komai. Amma nan da nan ƙafar ta ci gaba da motsi. Ya ce ko ma mene ne an riga an gani, an tofar. Tuluna sun ƙare, mazarƙwaila ta ƙare, lemun Kano sai kaka. Da me zai sake? Ya riga ya ba Sallau baki.

Esta ta ce, "Malam Alkasum, ka ce garin ne ya ƙi ka. Garin bai ɗanɗana ba tukuna. Abin da aka tofar na Delu ne, ba naka ba."

Ya fice. Ranar Talata ya wuni a tasha wajen motar Sallau, yana taya ɗaurin kaya da ba nasa ba.

Laraba da hantsi Delu ta shigo gidan Esta ba sallama, ta dire kwando. Matsattsen lemun tsami ne fal da ɓawon kankana, rabon ragunanta na ranar, ta bi masu ruwan lemu ta karɓo tun bai taɓa ƙasa ba. Ta ce a gaya wa ɓarawon nan yau da hannunta ta kawo masa, kuma tana nan zaune sai ta ga ƙaryar tsami. Esta ta buɗe akwati ta fito da kan sukarin da take ɓoyo don Kirsimeti. Ta aika aka kira shi daga tasha, ba ta ce ya zo ya gwada ba, cewa ta yi ɓawo ya jiƙu, in ba a dafa ba zai lalace. Ta san ba zai iya jin haka ya zauna ba.

Ya zo yana faɗa, yana cewa ɓata lokaci ne. Amma da ya ga kwandon hannunsa ya kama wuƙa da kansa. Matan unguwa suka taru, wasu a tsaye, wasu a kan turmi, har Zainaba ta leƙo ta katanga da jaririya a kafaɗa. Wannan karon bai ɓoye komai ba. Ya nuna musu farin, ya nuna 'ya'yan, ya sa aka wanke ɓawon a gabansu har ruwa ya fita garau, don mai cewa abin ƙasa ne ta gani. Da yake ba lokacin dogon jiƙo, ya tafasa ya zubar, ya sake tafasawa ya zubar, har ɗacin ya sauka. Da dahuwa ta yi nisa ya ɗebi ludayi guda a kwano daban ya miƙa wa Delu, ya ce ga nata, ta gyara yadda ta gyara ran Lahadi. Ta ɗiga jiƙon kanwa. Abin ya yi fuu ya taso da kumfa, ya rine, ya tsinke a gaban idon kowa. Wata ta ce ikon Allah, da ita ce ma da ta zuba fiye da haka.

Ya koma kan tukunya yana juyawa. Rana ta take, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya ɗiga a bayan tasa ya tura, bai yi ba. Ya ƙara wuta, ya zagaya, ya sake ɗigawa, bai yi ba. Daga tasha aka ji ana gwada ƙahon mota, ya ɗaga kai ya saurara, Esta ta ga muciyar ta rage gudu a hannunsa. Ta tura masa itace da ƙafa. Ya sake ɗigawa, ya jira, ya tura da yatsa. Abin ya tattare ya yi tamoji.

Aka zuba a kwano aka ajiye a gindin randa ya huce. Wannan jiran ya fi komai yi masa wuya, ya je ƙofa ya dawo ya fi a ƙirga. Da ya huce bai kife da kansa ba, Delu ya miƙa wa. Ta kife kwanon a saman tafin hannunta, ta girgiza, ta ƙara girgizawa da mugunta. Ko ɗigo. Ta mayar, ta lakata, ta lasa, ta ɓata fuska.

Ta ce, "Har yanzu da tsami." Ta sake lakata. "Ragunana dai sun yi asara. Ke, miƙo mini waina in ji ko da ita ya fi."

Kafin a ankara kwano ya koma fari. Wata ta tambaya ko zai yi mata na bikin ƙanwarta, wata ta ce a ɗiba wa mijinta da ke kwance. Delu ta ce ran Alhamis ya kawo teburinsa kusa da inda take sayar da ƙuli-ƙuli, duk wanda ya ce abincin awaki ne ya zo ya faɗa a gabanta, ita da ta san abincin awaki.

Ran Alhamis motar Sallau ta tashi ba shi. Ba wai garin ya juyo gaba ɗaya ba ne, akwai waɗanda har suka mutu ba su sa abin a baki ba, waƙar yara ma ba ta mutu nan da nan ba. Amma tebur ya kafu, aka raba ɓawon kasuwa, kore da ragowar abin da aka tace na ragunan Delu, fari nasa. Balki ta yi rarrafe a gindin zogalen uwarta, ta yi tafiya a nan, daga nan aka kai ta lakwal, makarantar boko.

Ƙafar Alkasum kuwa ba ta warke ba, ba a warkewa daga irin wannan. Ya sayi jaki, ya riƙa zagaya lambunan Mirya yana kwaso lemun da ya faɗo, ya ci kasuwar Tirmini, ya leƙa Dakusa ya gai da surukai, har Guna da ya guje wa tun yana saurayi ya koma yana kai wa 'yan'uwa alewa a gwangwani. Wani lokaci ya kwana biyu, wani lokaci ya fi. In ya daɗe Zainaba takan fito ƙofa ta dubi hanya, ta koma. Kullum yana dawowa, da buhu, da ƙura, da labarin wani gari da aka ce masa ya fi nan.

Shi ma ya san kansa. Safiyar da zai fara fita da jakin, Esta tana shara ta ji gyaran murya a bayan katanga, daidai inda hannun nan ya taɓa ɗagowa. Wannan karon ba tasa, yatsunsa kawai ta gani sun kama kan katangar suna ƙwanƙwasa ta.

Ya ce, "Inna, wata alfarma nake nema. Ni ban yarda da ƙafar nan tawa ba. Duk ranar da kika ga na fito da igiyar kaya, ko kika ji ina yawan zancen wani gari, kada ki yi mini wa'azi, ba zan ji ba. Ki jiƙa ɓawo kawai, ki aiko a ce mini ya jiƙu, in ba a dafa ba zai lalace."